Tarihin Kwarin Ihlara da Coci-cocin Kogo na Kafadokiya

Kafadokiya yanki ne a tsakiyar ƙasar Turkiyya, tsakanin biranen Aksaray, Nebshehir, Kayseri da Nigde. Tudu ne mai faɗi da ya haura mita 1,000 bisa teku, hunturunsa da ƙanƙara, bazararsa da fari. Ruwa ya tsattsaga shi kwari-kwari, a jikin bangon waɗannan kwaruruka kuma mutane suka fafe gidaje, rumbuna, turakun dabbobi, kaburbura da ɗaruruwan coci-coci. Kwarin Ihlara, da ke lardin Aksaray, yana cikin waɗanda suka fi zurfi da shiru. Labarin da aka fi ba baƙi shi ne Kiristocin farko ne suka haƙa kogwannin don su ɓuya wa Rumawa. Rubuce-rubucen da ke jikin bangon sun ba da wani labari dabam, wanda ya fi wancan tsawo: yawancin coci-cocin masu zane an yi su ne a zamanin zaman lafiya da wadata, ƙarnoni bayan an daina farautar Kiristoci.

Asalin dutsen

Tsakanin kimanin shekara miliyan 10 zuwa miliyan 2 da suka wuce, duwatsu masu aman wuta sun yi ta zubar da toka mai zafi a kan wannan tudu, hawa bisa hawa. Masu yi wa baƙi jagora sukan nuna dutsen Erjiyes, mai tsayin mita 3,917, da dutsen Hasan, wanda ya haura mita 3,200, su ce daga nan tokar ta fito. Masana ilimin ƙasa sun ce mafi yawanta ta fito ne daga wasu tsofaffin bakunan wuta da suka riga waɗannan biyun, waɗanda tuni suka zaizaye ko suka binne.

Tokar ta daskare ta zama dutse mai laushi wanda diga da kurfi ke ci ba wuya. A wasu wurare wani dutse mai tauri ya rufe shi daga sama. Da ruwan sama da ƙanƙara suka yi ta cin mai laushin, inda duk mai taurin ya tsaya sai ya kāre abin da ke ƙarƙashinsa, aka samu ginshiƙai masu tsini da hula a kai. Mutanen yankin suna da tatsuniyar cewa aljanu ne ke zaune a cikinsu. A kudu maso yamma kuwa, kogin Melendiz ya yanka wa kansa hanya, ya bar kwazazzabo mai tsawon kusan kilomita 14, wanda zurfinsa ya kai mita 100 a wurare da dama. Shi ne Ihlara.

Abu biyu suka sa mutum ya gwammace fafe dutse a kan gina ɗaki. Itacen rufi ya yi ƙaranci a yankin, ɗakin dutse kuwa ba ya bukatar azara. Sannan cikinsa yana da ɗumi a hunturu da sanyi a bazara. Har yau manoma suna ajiye dankali da lemun tsami a irin waɗannan ɗakuna.

Mazauna farko da fataken Assur, 8000 zuwa 1200 kafin Miladiyya

A gaɓar Melendiz, arewa da bakin kwarin, akwai wani tudun kufai da ake kira Ashikli Hoyuk. Masu tonon kayan tarihi sun gano cewa wajen shekara ta 8000 kafin Miladiyya mutane sun zauna nan a ɗakunan tubali manne da juna, ta rufi ake shigarsu, suna kiwon tumaki da awaki. Arzikinsu wani baƙin dutse ne mai sheƙi kamar gilashi, wanda aman wuta ya bari, ana fasa shi a yi wuƙaƙe da kan kibau. An samu irin wannan dutse na Kafadokiya har a tsibirin Kubrus da ƙasashen Sham, shaidar cewa ciniki ya daɗe a nan.

Rubutu ya iso ne da fatake. Tsakanin kimanin 1950 da 1750 kafin Miladiyya, 'yan kasuwa daga birnin Assur, a Iraƙin yau, suka kafa unguwa a Kanesh, kusa da Kayseri. Ayarin jakuna kan yi tafiyar kusan kilomita 1,000 ɗauke da kuza da tufafi, ya koma da azurfa da zinariya. An tono allunan yumɓu fiye da 20,000 a wurin: takardun bashi, yarjejeniyar aure, ƙararraki, da wasiƙun matan da aka bari a gida suna saƙa. Su ne rubuce-rubuce mafi daɗewa da aka samu a duk Anatoliya. Bayan fataken, daular Hittiyawa ta mallaki yankin har ta wargaje wajen 1200 kafin Miladiyya, ƙananan masarautu suka maye gurbinta.

Farisa, Girkawa da Rumawa, 547 kafin Miladiyya zuwa 17 Miladiyya

Wajen 547 kafin Miladiyya, Sarki Sairus na Farisa ya ci Anatoliya da yaƙi. Sunan yankin ya fara bayyana a rubuce a zamanin Dariyus na Ɗaya, cikin jerin ƙasashen da ke ƙarƙashinsa. Masanin ƙasa Sitirabo, wanda shi ma ɗan Anatoliya ne, ya rubuta cewa ban da azurfa, Kafadokiya na biya wa Farisa harajin dawaki 1,500, alfadarai 2,000 da tumaki 50,000 duk shekara. Wannan ya nuna irin ƙasar: ta manyan masu filaye da garkuna ce, talakawa na yi musu aiki.

Iskandar na Makidoniya ya ratsa ta a 333 kafin Miladiyya bai tsaya ba. Bayan mutuwarsa wani gidan sarauta mai jinin Farisa, wanda yawancin sarakunansa ke amsa sunan Ariyarates, ya riƙe ƙasar, yana lallaɓa maƙwabta masu ƙarfi, daga baya ya jingina da Rumawa. Sarki na ƙarshe shi ne Arkilayus. Da ya mutu a shekara ta 17 Miladiyya, Kaisar Tibariyus ya mai da Kafadokiya lardin Rum, babban birninta Kaisariya, wato Kayseri ta yau. Daga wannan zamani akwai kaburbura da aka sassaƙa a jikin duwatsu, wasu da ginshiƙai a gaba. Ashe fafe dutse ya riga Kiristanci a ƙasar.

Shigowar Kiristanci, ƙarni na 1 zuwa na 4

Sabon Alkawari ya ambaci Kafadokiya sau biyu, kuma zuwa ƙarni na 3 Kaisariya tana da bishop mai faɗa a ji. Gaskiya ne an tsananta wa Kiristoci, musamman daga 303 a zamanin Kaisar Diyokilishiyan. A al'adar coci ana cewa Waliyyi Jojis, wanda ake zanawa a kan doki yana sukar dodo, asalinsa ɗan Kafadokiya ne da aka kashe a wannan fitina. Wannan riwaya ce, amma ita ta sa hotonsa ya cika bangon kogwannin. Shi kuwa zancen cewa a lokacin aka fafe coci-cocin ba shi da madogara, domin babu ko ɗaya da aka tabbatar ta kai waɗannan shekaru. An halatta addinin a 313, fitinar ta ƙare.

Mai karatu Musulmi zai iya tunawa da Ashabul Kahfi. Wurare da yawa na da'awar kogonsu, har da Afshin a gabashin tsohuwar Kafadokiya, da Tarsus, da Afisa. Babu ɗayansu da ke cikin waɗannan kwaruruka.

Abin da ya ɗaukaka sunan yankin a ƙarni na 4 malamai uku ne: Basil na Kaisariya, ƙanensa Girigori na Nisa, da abokinsa Girigori na Naziyanzus. Basil ya zama bishop a 370, ya rasu a 379. A lokacin yunwar da aka yi gab da naɗinsa ya ciyar da mabukata, daga baya ya gina wata unguwa a bayan gari mai asibiti, masaukin baƙi da wurin kula da kutare. Ya kuma tsara ƙa'idojin zaman ruhubanawa: su zauna tare ƙarƙashin shugaba, su yi ibada, su yi aikin hannu, su taimaki jama'a, maimakon kowa ya kaɗaita a jeji. Har yau cocin Otodoks na bin wannan tsari. Girigori na Naziyanzus, wanda ya shugabanci babban taron coci na Kustantiniyya, wato Santambul ta yau, a 381, gonar gidansu na kusa da Gelberi, garin da yanzu ake kira Guzelyurt, 'yan kilomitoci daga Ihlara.

Ƙarnonin iyaka, 611 zuwa 863

A 611 sojojin Farisa suka kama Kaisariya. Rumawa ba su gama farfaɗowa daga wannan yaƙi ba sai ga rundunonin Musulmi sun karɓe Sham. Tsaunukan Toros suka zama iyaka, Kafadokiya kuwa ita ce ƙasa ta farko da mai tsallake su zai taka. Mu'awiya ya kai hari har Kaisariya tun yana gwamnan Sham. Maslama ɗan Abdulmalik ya ci birnin a 726. Haruna Rashid ya jagoranci babbar runduna a 806 ya karɓi Hiraƙla. Ɗansa Ma'amun ya rasu a bakin wannan iyaka a 833, aka binne shi a Tarsus, sannan Mu'utasim ya wuce har Ammuriyya a 838. Tsakanin waɗannan manyan yaƙe-yaƙe akwai harin bazara kusan kowace shekara, a kwashi dabbobi da bayi a koma kafin sanyi, Rumawa ma su rama.

Ba a mallake ƙasar ba, amma ba a bar ta ta huta ba. Birane suka tsuke suka koma ganuwoyi. A ƙarni na 9 Rumawa suka jera hasumiyoyin wuta daga sansanin Lulon, kusa da mashigar tsaunuka, har Kustantiniyya, don labarin hari ya isa fada da wuri. Talakawa kuwa suka nutsa ƙasa. Marubutan Larabawa sun kira wani sashe na yankin Maɗamir saboda ramukan da ke ƙarƙashinsa. A Derinkuyu da Kaymakli akwai garuruwan ƙarƙashin ƙasa hawa-hawa, da rijiyoyi, kafofin iska, turaku, wurin matsar inabi, da ƙofofi na faifan dutse da ake mirginawa daga ciki a toshe hanya. Wasu na cewa tun zamanin Firijiyawa ko Hittiyawa aka fara haƙa su. Babu rubutun da ya tabbatar da haka, kuma dutsen da aka fafe ba ya faɗin shekarunsa, don kowane sabon sara yana goge na baya. Abin da masana suka fi yarda da shi shi ne an faɗaɗa su sosai a waɗannan ƙarnoni, kuma mafaka ce ta kwanaki ko makonni. Idan akwai gaskiya a labarin ɓuya, to a nan take.

A cikin wannan hali rikicin hotuna ya ɓarke a daular Rumawa. Daga wajen 726 sarakuna suka hana zana surar Almasihu da waliyyai a coci, aka ɗage hanin a 787, aka dawo da shi a 815, sai a 843 Sarauniya Tiyodora ta soke shi gaba ɗaya. Wasu ƙananan coci-cocin kogo ba su da komai sai gicciye da zanen jan ƙasa, an daɗe ana danganta su da zamanin hanin. Yanzu masana da dama na ganin wasunsu sun zo daga baya, rashin kuɗin ɗauko mai zane ne kawai. A 863 Rumawa suka kashe Umar al-Aƙɗa, sarkin Malatiya, a fagen yaƙi, daga nan hare-haren suka fara ja da baya.

Zamanin zane, 900 zuwa 1071

Rumawa suka ci Malatiya a 934, Tarsus a 965, Antakiya a 969. Iyaka ta matsa ɗaruruwan kilomitoci. Hafsoshin da suka yi wannan yaƙi da yawansu 'yan manyan gidajen Kafadokiya ne, irin gidan Fokas, kuma ganima da filaye suka koma hannunsu. Da wannan dukiya aka fafe kuma aka ƙawata mafi yawan coci-cocin da ake gani yau.

Shaidar tana rubuce. A kwarin Gulludere akwai coci da rubutunta ya sanya ta tsakanin 913 da 920. A Chabushin an zana Sarki Nikiforos Fokas, wanda ya yi mulki daga 963 zuwa 969, tare da matarsa Tiyofano. A Goreme, sabon sashen cocin Tokali na tsakiyar ƙarni na 10 an shafe shi da shuɗin da ake samu daga dutsen lazward na Afganistan, launi mai tsadar da sai babban attajiri. A kwarin Soganli, cocin Karabash tana ɗauke da shekarar 1060 zuwa 1061 da sunan hafsan da ya biya, Mika'ilu Sikefides. Mai gudun ransa ba ya rubuta sunansa da muƙaminsa a bango.

Masassaƙan sun kwaikwayi ginin tubali ne tsaf. Suna farawa daga sama su yi ƙasa, su fitar da ƙubba, baka da ginshiƙai, alhali ginshiƙan ba abin da suke ɗauke da shi. Akwai coci-cocin da ginshiƙansu suka karye, rufin bai motsa ba.

A Ihlara, wanda Rumawa ke kira Feristirema, coci-cocin sun kasu salo biyu. Na kudu, kusa da ƙauyen Ihlara, irin su Agachalti, Kokar da Yilanli, zanensu na da launuka masu ƙarfi da manyan idanu, ya yi kama da na Kiristocin Sham da Masar. Wasu masana sun ce ruhubanawa ne 'yan gudun hijira daga can suka kawo salon, amma hasashe ne. A Yilanli an zana ranar hisabi, da awon ayyuka, da mata huɗu da macizai ke sara saboda zunubansu. Na arewa, wajen Belisirma, sun bi salon babban birni, Kustantiniyya. Cocin Direkli tana da rubutun da ya sanya ta a zamanin Basil na Biyu, tsakanin 976 da 1025.

An daɗe ana kiran duk wani babban gidan dutse gidan ruhubanawa. A Goreme haka ne, don akwai ɗakunan cin abinci masu dogon teburin dutse. Amma binciken Robert Ousterhout a Chanli Kilise da na Veronica Kalas a Selime, a bakin kwarin Ihlara ta arewa, ya nuna da yawansu gidajen masu mulki ne: tsakar gida, zauren karɓar baƙi, babban madafi mai bututun hayaƙi, barga mai komin dawaki, sai ƙaramar cocin iyali a gefe. Kwarin ya kasance ƙasar manoma, sojoji da iyalansu, ruhubanawa na zaune a tsakaninsu.

Saljuƙawa, 1071 zuwa ƙarni na 14

Turkawa Saljuƙawa sun washe Kaisariya a 1067. Ranar 26 ga Agusta 1071, Sultan Alf Arsalan ya karya rundunar Rum a Manzikart, ya kama Sarki Romanos Diyojinis, wanda shi ma gidansu na Kafadokiya ne. Yaƙin basasar da ya biyo baya a Kustantiniyya shi ya buɗe ƙofar Anatoliya. Manyan gidaje suka yi hijira yamma, masu biyan kuɗin zane suka tafi, aikin ya kusan tsayawa fiye da shekara ɗari.

Sai dai jama'ar ƙauye ba su tafi ba. Saljuƙawan Rum, masu hedkwata a Konya, suna bukatar manoma masu biyan haraji da hanyoyin ciniki masu aminci. Suka gina manyan masaukan fatake a kan hanyar Konya zuwa Kayseri, irin su Sultan Han na 1229, a zamanin Ala'uddin Kaikubad, da Agzikara Han kusa da Aksaray. A wannan ƙarni ne Jalaluddin Rumi ya zauna a Konya har rasuwarsa a 1273, Haji Bektash kuma ya kafa zawiyarsa a arewacin Kafadokiya. Da kasuwa ta buɗe, aka koma zanen coci, har bayan da Mongol suka karya Saljuƙawa a Kose Dag a 1243.

Babbar shaidar wannan zamani tana Ihlara, a cocin Waliyyi Jojis da ake kira Kirkdamalti, can sama a jikin bango kusa da Belisirma. An zana ta tsakanin 1283 da 1295. A gefen waliyyin akwai wata mata mai suna Tamar riƙe da siffar cocin, ɗaya gefen kuma wani Basil Giyagufis, Kirista mai muƙamin amir, sanye da rawani da riga irin ta fadawan Saljuƙawa. Rubutun ya ambaci sarakuna biyu: Sultan Mas'ud na Biyu da Sarkin Rum Andironikos na Biyu. Ɗaya ke da ƙasar, ɗaya ke da cocin, kuma masu ginin ba su ga saɓani a haɗa su ba. Wasu masana na ganin Tamar ɗin nan ita ce gimbiyar Jojiya da ta auri sultan, wadda aka sani da kusanci da Rumi, amma ba a daddale ba.

Ƙarƙashin Usmaniyawan Turkiyya, ƙarni na 15 zuwa 1923

Bayan Saljuƙawa, masarautar Karaman ta riƙe yankin har Usmaniyawa suka haɗiye ta a rabin ƙarshe na ƙarni na 15. Sultan Muhammad al-Fatih ya kwashi mutanen Aksaray zuwa Santambul don cika birnin da ya ci a 1453, unguwarsu har yau Aksaray ake ce mata. Sannu a hankali Musulmi suka rinjayi Kiristoci a yawa. Wasu coci-cocin suka zama rumbuna, wasu wurin ajiye harawa, wasu aka toshe ƙofarsu aka huda ƙananan tagogi suka zama ɗakin tantabaru, don kashinsu shi ne takin gonakin inabi. Cocin Karanlik ta Goreme ta tsira da launinta ne saboda duhu da kuma wannan toshewa. Fuskokin da aka kankare a wurare da yawa, wasu na ɗora wa makiyaya masu ƙyamar hoto, wasu kuma na cewa Kiristoci ne ke kankarar fentin su jiƙa su sha don neman waraka. Duka biyun zance ne na baka.

Ibrahim Fasha, ɗan ƙauyen Mushkara, ya zama babban waziri daga 1718 zuwa 1730, ya mai da ƙauyensu birni da masallaci, makaranta da ɗakin karatu, shi ne Nebshehir. Gab da wannan zamani wani Bafaranshe, Paul Lucas, ya wallafa labarin tafiyarsa a 1712, ya ce ya ga dubban gidaje masu tsini, mutanen ƙasarsa da yawa suka ƙaryata shi. Binciken ilimi na sosai ya fara ne da limamin Katolika Guillaume de Jerphanion, wanda ya fara zuwa a 1907, ya wallafa aikinsa tsakanin 1925 da 1942.

Kiristocin Otodoks da suka rage iri biyu ne. Wasu na magana da wani karin Girkanci da Turkanci ya shige shi sosai. Wasu kuwa, Karamanlawa, Turkanci ne harshensu na gida da na wa'azi, amma da haruffan Girka suke rubuta shi, kamar yadda Bahaushe ke rubuta harshensa da ajami. Mazajensu na zuwa ci-rani Santambul. 'Yan Sinasos sun yi suna a cinikin ƙwan kifi, suka dawo suka gina manyan gidajen dutse da makarantu a ƙarni na 19.

Musayar jama'a, 1923 zuwa 1924

Abin da Manzikart bai yi ba, takarda ta yi shi. Bayan yaƙin Girka da Turkiyya, ƙasashen biyu suka sa hannu a birnin Lozan ranar 30 ga Janairu 1923 kan musayar jama'a ta dole. Addini aka duba, ba harshe ba. Kiristocin Otodoks kimanin miliyan 1.2 suka koma Girka, da yawansu tun kafin yarjejeniyar suka gudu, Musulmi kusan 400,000 kuma aka kawo su Turkiyya. Kafadokiya tana nesa da fagen daga, amma hukuncin ya hau kanta. A 1924 mutanen da ba su taɓa ganin teku ba, wasu ko Girkanci ba sa ji, suka gangara tashar Mersin suka shiga jirgi.

Mutanen Gelberi suka ɗauki abin da suka yi imani ƙasusuwan Girigori na Naziyanzus ne, suka kafa Sabuwar Karbali kusa da Kabala a arewacin Girka. Cocinsu ta Gelberi ta zama masallaci. Mutanen Urgub suka tafi da gawar Waliyyi Yahaya Barashe, wanda ake cewa fursunan yaƙi ne da ya rasu a garin a 1730, suka kai ta tsibirin Ebiya. Musulmin da aka kwaso daga Makidoniya suka shiga gidajen Sinasos, garin ya koma Mustafafasha. An ɗauka karin Girkancin Kafadokiya ya mutu, sai a 2005 masana harshe Mark Janse da Dimitris Papazachariou suka tarar da masu magana da shi a ƙauyukan Girka.

Daga 1950 zuwa yau

Zaman kogo bai ƙare da tafiyar Kiristoci ba. A Zelbe, inda akwai masallacin da aka fafe a dutse, mutane sun ci gaba da zama har 1952, lokacin da ruftawar duwatsu ta sa gwamnati ta mai da su sabon ƙauye. Nicole da Michel Thierry suka bi coci-cocin Ihlara ɗaya bayan ɗaya, suka wallafa bincikensu a 1963. A wannan shekara ce, kamar yadda ake faɗa, wani magidanci a Derinkuyu ya fasa bangon gidansa ya tarar da hanyar shiga garin ƙarƙashin ƙasa. A 1985 UNESCO ta sanya Goreme da wuraren da ke kewaye da ita cikin kayan tarihin duniya, daga farkon shekarun 1990 kuma aka fara ɗaukar baƙi a balan-balan mai tashi da iska mai zafi.

Cunkoson baƙi yana Goreme. Ihlara sai da ƙafa. Yawancin masu zuwa kan sauka ta matakala kusan 400 a tsakiyar kwarin, su leƙa coci uku ko huɗu da ke kusa, su bi gaɓar kogi ƙarƙashin inuwar bishiyoyi tafiyar 'yan kilomitoci zuwa Belisirma, inda ake cin kifi a kan dakalin katako bisa ruwa. Wanda ya ɗauki kwarin tun daga ƙauyen Ihlara har Selime zai ci yawancin yininsa, kuma bayan Belisirma da wuya ya haɗu da kowa sai manomi ko makiyayi. Can kwarin ke buɗewa, ginshiƙai masu tsini su bayyana. Jagorori kan ce an ɗauki fim ɗin Star Wars a Selime. Ba haka ba ne, a Tunisiya aka ɗauki wuraren da ake nufi.

Tun shekara ta 2000 Fatiriyak Bartalomiyo na Santambul ke zuwa Kafadokiya yin addu'a a tsofaffin coci-coci da izinin hukuma, jikokin waɗanda aka kwashe kuma na zuwa ganin gidajen kakanninsu. Barazanar yanzu ta fuska biyu ce. Bango na tsagewa yana faɗuwa da zanensa, kamar yadda gaban wasu coci-cocin Ihlara ya riga ya rufta. Ga kuma otal-otal, motoci da hannun baƙi masu rubuta sunansu a kan fenti mai shekara dubu. A 2019 gwamnatin Turkiyya ta soke matsayin gandun ƙasa na Goreme ta miƙa yankin ga wata sabuwar hukuma guda, a 2022 kuma aikin wata hanya tsakanin Ortahisar da Goreme ya jawo suka daga masu zanen gine-gine da masu kare kayan tarihi, hukuma na cewa hanyar za ta rage wa coci-cocin girgizar motoci ne. Muhawarar ba ta mutu ba, kuma yadda aka warware ta shi zai nuna nawa ne daga cikin waɗannan zane-zane za su kai ƙarni mai zuwa.